Reshen da iska ta karya

Iskar daren jiya ta karya reshe guda a bishiyar birch ɗin da ke bayan gidanmu nan birnin Tampere na ƙasar Finland. Da safe na tarar wurin yana ɗiga, ruwa garau, ɗis-ɗis, yana gangarowa kan farin ɓawon nan nata mai ɓarewa kamar takarda. Wallahi sai da raina ya sosu. Na ɗauko zarto zan daidaita bakin karayar, sai dattijuwar da muke maƙwabtaka ta ɗaga min hannu ta kan shinge: "Ɗana, bar ta sai Agusta." A Afrilu, da ƙanƙara ta narke, ruwan jikinta ke hawa sama kafin ganye ya fito, duk inda aka yanka sai ya yi ta zuba. Lokacin ne ma mutanen Finland ke tatsarsa su sha. Na ɗanɗana da yatsa, zaƙinsa kaɗan ne.

Saiwarta ba ta nisa cikin ƙasa, zafi da ƙishi na saurin galabaita ta, don haka na tara mata ruɓaɓɓen ganye a gindi ya riƙe laima. Iyakar abin da zan iya mata ke nan yanzu, kuma jiran Agustan nan zai min wuya.