Daren da muka kalli tsohon fim ɗin gawawwaki ni da ƙannena

Na daɗe ina jin sunan Night of the Living Dead, fim ɗin ban tsoro kan matattu da ke tashi suna cin naman mutane, wanda George Romero ya shirya a Amurka a 1968, amma sai a hutun da ya wuce na samu na kalle shi daga farko har ƙarshe. Ba shi da wuyar samu a intanet, domin lokacin da aka sauya masa suna kamfanin da ya rarraba shi bai sa alamar haƙƙin mallaka ba, sai ya zama na kowa. Na sauke shi a kwamfuta, bayan isha'i na kira ƙanena da ƙanwata muka zauna a falo, muka kashe fitila.

Na zo da takarda da biro, da niyyar ba shi maki a kan kwalliya, sauti, da yadda aka ɗauki hoto. A mintuna goma na farko takardar ta cika da ƙorafi. Fim ɗin baƙi da fari ne. Gawar farko da ta ɓullo a maƙabarta, mutum ne kawai cikin kwat yana tangaɗi. Ƙanena, wanda ya saba da finafinan da kwamfuta ke ƙera musu dodanni, ya ce, "Yaya, wannan ai maye ne ya sha ya yi tatul, ina abin tsoron?" Gaskiyarsa ce. Kuɗin da aka kashe wa fim ɗin duka wajen dala 114,000 ne kawai. A wani tsohon gidan gona kusa da garin Evans City na jihar Pennsylvania aka ɗauke shi, jinin da ake gani kuwa ruwan cakulan ne, wanda a hoton baƙi da fari ba ka bambanta shi da jini.

Abin ya sauya ne bayan mutum bakwai sun taru a gidan nan, gawawwaki sun kewaye su. Ben, wanda Duane Jones ya fito a matsayinsa, yana kafe tagogi da katako da ƙusa, yana cewa a zauna a sama inda akwai hanyar gudu. Harry Cooper, magidanci mai 'ya marar lafiya, ya dage a sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa a kulle ƙofa. Ban ankara ba sai ga gardamar ta tsallako falonmu. Ƙanwata ta ce ɗaki mai ƙofa ɗaya ai kabari ne. Ƙanena ya ce gida mai tagogi da yawa ba mai iya tsare shi har asuba. Sai da na tsayar da fim ɗin suka gama musu. Daga nan ban sake taɓa biron ba, kuma a nan na gane cewa ma'aunin da na zo da shi ba na wannan kaya ba ne. Na zo auna abin da kuɗi ke saya, alhali abin da ya riƙe mu shi ne tambayar da fim ɗin ya jefo mana: da kai ne a gidan, wa za ka bi?

Na kuma lura da yadda rashin kuɗi ya zama musu dabara. Ba su da halin nuna gari guda yana rushewa, sai suka bar rediyo da talabijin na cikin gidan su ba da labarin, mu kuma zuciyarmu ta ƙarasa zanen. Muryar mai karanta labarai tana cewa matattu na tashi suna cin naman mutane ta fi duk wata kwalliya tayar mini da tsigar jiki.

Ba zan ɓoye lam'arsa ba. Tsakiyarsa na da jan ƙafa, kiɗan aro ne daga ma'ajiyar tsofaffin sautuka, kuma Barbra, wadda aka buɗe labarin da ita, an bar ta a kujera a gigice kusan duk tsawon fim ɗin. Wannan ya ɓata wa ƙanwata rai, ni ma haka. Wurin da yarinyar Cooper ta tashi ta kashe mahaifiyarta da cokalin magina kuwa, bai dace da ƙananan yara ba ko kaɗan, kuma da na san da shi da na gargaɗe su tun farko.

Ben kaɗai ya kai safiya, kuma a ɗakin ƙasan da ya ƙi tun farko ya tsira. Da ya ji harbe-harben masu ceto ya hau sama ya leƙo ta taga, ɗaya daga cikinsu ya ɗauka gawa ce, ya ɗirka masa harsashi a goshi. Ben baƙar fata ne, masu bindigar fararen fata ne, shekarar kuma ita ce wadda aka kashe Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata a Amurka. Romero ya sha faɗa cewa ya zaɓi Jones ne don ya fi kowa iyawa a wurin gwaji, amma hotunan ƙarshe, inda ake jan gawarsa da ƙugiya zuwa tarin wuta, sun yi mini nauyi a ƙirji.

Ƙanena da ya fara da dariya bai ce uffan ba har rubutun sunaye ya ƙare. Ƙanwata ce ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa: "Yaya, ko sallama ba su yi masa ba kafin su harba." Da safe na tarar da su a kicin, sun koma kan gardamar sama da ƙasa.