Daga Fas Zuwa Bakin Teku, Bin Sawun Kogin Sebou

Ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani ce ta kai ni Fas ta ƙasar Maroko, kamar yawancin mutanenmu. Da muka fito daga zawiya sai na gangara ta lungunan tsohon gari zuwa dandalin Rasif, wari ya tare ni. Na ɗauka kwata ce, ashe kogi ne, Wadi Fas, wanda magabata suka yi wa laƙabi da Wadil Jawahir, kogin lu'ulu'u. A bakinsa Idris na Ɗaya ya kafa garin a 789, kuma kogin ne ya riƙa shayar da masallatai da gidajen wanka. An daɗe da rufe wani sashensa da kankare. Inda ya leƙo waje, ruwan toka-toka ne, leda na yawo a kai.

Na hau soron wani shagon fata don in ga majemar Shuwara. A ƙofa aka miƙo mini ganyen na'a-na'a in toshe hanci. Daga sama kana hango ramuka jere, wasu fari fat da farar ƙasa da kashin tattabaru, wasu ja, wasu ruwan ƙasa, majema tsaye a ciki har cinya suna tattaka fata. Ban ji baƙunta ba, don fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme a ƙasarmu ta sha ƙetare Sahara, a Turai a sayar da ita da sunan fatar Maroko.

Amma ba waɗannan bayin Allah ne suka fi ɓata ruwan ba. Masana'antun jima na zamani suna aiki da sinadarin kuromiyom, ga maƙeran tagulla, ga kuma baƙin ruwan da injinan matsar zaitun ke zubarwa da sanyi. Sai a 2014 Fas ta buɗe babbar matatar ƙazamin ruwa. Duk wanda ya san Kogin Chalawa na Kano ya san wannan labarin.

Duka wannan cikin Kogin Sebou yake faɗawa, a gabashin gari. Shi kuwa daga tsaunukan Atlas na Tsakiya ya taso, tafiyar kusan kilomita 500 zuwa Tekun Atlantika. Na shiga jirgin ƙasa zuwa Kenitra, muka ratsa filin Gharb: rake, gwozar sukari, lemo, iya ganinka. Noman rani ne, da ruwan Sebou da rassansa. Na sayi lemon, na kuma sha, ban fasa ba.

A Kenitra kogin ya yi faɗi, yana lanƙwasa a hankali. Ta nan wani jirgin yaƙin Amurka ya kutsa a Nuwambar 1942 ya ƙwace filin jirgin sama daga hannun Faransawa. Na ƙarasa Mahdiyya da tasi, inda tsohuwar ganuwa ke kallon mashigar teku, masunta na sauke sardin, masu gasawa na kiran ciniki.