Yadda bugun zuciya ya sauya kama a asibitoci

Na fara bibiyar wannan batu ne tun ranar da likita ya shimfiɗa takardar gwajin ECG ta kawuna a kan tebur, wato gwajin da ke zana aikin lantarkin zuciya a matsayin layi, ya ɗora yatsa a wurin da layin ya yi tozo, ya ce jijiyar da ke kai jini ga tsokar zuciya ta toshe gaba ɗaya. Kafin nan kawu ya kwana biyu yana shan maganin olsa, domin a zatonsa zafin ƙirjin daga ciki yake tasowa.

Irin wannan cikakkiyar toshewa, ɗaya daga cikin nau'ikan bugun zuciya biyu, ita ce ta ja baya sosai a ƙasashen da ke adana bayanan majinyata. Wani bincike da aka yi a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka ya nuna cewa daga 1999 zuwa 2008 adadinta ya sauko daga 133 zuwa 50 cikin kowane mutum dubu ɗari a shekara, abin da ake dangantawa da raguwar shan taba da yawaitar shan magungunan hawan jini da na rage kitsen jini. Amma ɗaya nau'in, wanda jijiya ke ƙuntata ba tare da ta rufe ruf ba, bai ragu haka ba, har ma ya ɗan ƙaru da farko. A nan ne nake ganin ya kamata mai karanta alƙaluma ya yi hattara, saboda a shekarar 2000 likitocin zuciya na Turai da Amurka sun sake fayyace ma'anar cutar bisa gwajin sinadarin troponin a jini, wanda ke gano ƙaramar illar da a da ba a lissafa ta. Ma'aunin ne ya ƙara kaifi, ba lallai cutar ce ta yaɗu ba.

A Faransa kuwa, masu mutuwa cikin kwana 30 bayan cikakkiyar toshewa sun ragu daga kashi 13.7 cikin ɗari a 1995 zuwa 4.4 a 2010, lokacin da buɗe jijiya ta hanyar zura siririn bututu ya zama ruwan dare. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa majinyatan sun ƙara ƙuruciya: cikin matan da aka kwantar, 'yan ƙasa da shekara 60 sun tashi daga kusan kashi 12 zuwa 25, kuma akasarinsu masu shan taba ne.