Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Ɗakin Wurin Malam Babba

Makon jiya na yi alkawarin zan shiga labarin elementare, to a yi mini haƙuri, makaranta ta jira. Wata tsohuwar magana ce ta sake dawo mini ta bakin yaran gidan Kudu, zuriyar ƙanin kakanmu, wai kakan namu Malam Babba wauta ce ta ci dukiyarsa, ya tara kuɗin wuri ɗaki guda ya zauna yana kallo har duniya ta wuce shi. Wanda ya fara faɗin haka ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ba zan kama sunansa ba. Amma jikokinsa da ko anini ba su taɓa riƙewa ba sun gaji maganar suna yi a wurin suna da wurin biki, kuma a cikin waɗanda suka ga ɗakin nan da idonsu ni kaɗai na rage.

Ɗakin yana can ƙuryar gida, bayan rijiya. Lokacin da na yi wayo tabarmin da aka ɗinke kuɗin a ciki duk sun ruɓe, wuri ya zube ya cika ƙasa har ya kai mini gwiwa, an bi an huda bayan kowane ɗaya, wasu sun yi ja saboda daɗewa. In ka buɗe ƙyauren wani wari ne na ƙura da kashin jemage yake fara tarbarka. Mu yara wurin wasa muka mai da shi, mu ɗebo a riga mu je zaure mu yi 'yar kasuwa. Mata sukan zo roƙon ɗan tafi guda don adon ƙwarya ko laya ta yaro, Kaka ba ta taɓa hana kowa ba, ba ta kuma taɓa karɓar komai ba. Sai dai duk sanda ta miƙa sai ta ce, "Wanda ya buga kuɗi shi ke kashe abinsa, kai ɗan riƙo ne." Na ji wannan magana a bakinta har ta zame mini kamar karatun allo, ban gane ta ba sai da na yi gemu.

Malam Babba fatauci yake yi na baƙin yadi. Yakan sayi sawaye a hannun masaƙa, ya kai marina a Kura a rina, a buga, ya sayar wa Buzaye da fataken arewa a Kasuwar Kurmi. Duk wannan ciniki da wuri ake yinsa. Keso ɗaya wuri 20,000 ne, kuma akwai mutanen da sana'arsu ke nan, ƙirga, su zauna a ƙasa suna jan biyar-biyar da yatsu tun safe har la'asar. Kaka ta ce in an sayi doki sai an nemi jakunan da za su ɗauko kuɗinsa. Babban ciniki kuwa akan haɗa da dalar azurfa mai kan mace, wadda Larabawa ke kawowa ta hamada, duk an buga mata shekarar 1780. Ba zan ce wuri kuɗin kirki ba ne har ƙarshe. Tun kafin Nasara su ci ƙasa jiragen Turawa sun yi ta jibge shi a bakin teku daga Zanzibar, darajarsa tana ta zubewa. Amma zubewa a hankali daban, yankewa daban.

A 1903 Turawa suka shiga Kano. A 1904 aka kafa dokar hana shigo da wuri. Ba a zo gida gida an ce ku zubar da naku ba, a'a, ta hanyar haraji aka bi. Da farko ana karɓar hatsi da dabba da wuri, sannu sannu aka koma sai tsabar kuɗin Bature. Kuɗin ƙasa, jangali, kuɗin karofi da marina ke biya, duk aka ce sule ake so. To ina talaka zai samo sule? Sai wajen wanda Bature ke biya: soja, ɗan doka, leburan hanya, ɗan kanti. Da lokacin haraji ya gabato sai 'yan canji su baje a bakin kasuwa, kowa ya taho da buhun wurinsa yana roƙo, su kuwa su yanka farashin da suka ga dama. Kaka ta ce abin da ka canza sule da shi ranar Juma'a ba zai canza maka shi ranar Lahadi ba.

Ga inda maganar gidan Kudu ta shigo, kuma ina so jikokinsu su karanta da kyau. Ƙanin Malam Babba, wato kakansu, ba shi da jari. Wansa ne ya ƙirga masa kesuna ya ba shi bashi a gaban shaidu, lokacin da wuri ke sayen yadi da jaki da hatsi. Da su ya fara. Sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kakar 1912 kamfanonin Turawa suka buɗe sayen gyaɗa, shi kuma ya samu shiga wajen wani kanti ya zama yaron sayen gyaɗa, ana ba shi sulalla a jaka yana fita ƙauye. Allah ya buɗa masa, ba mu yi masa hassada ba. Amma da ya tashi biyan bashi, bayan shekaru, bai kawo sule ko ɗaya ba. Ya shiga kasuwa ya sayi wuri a banza a hannun masu neman kai da shi, ya ɗoro wa jakuna, ya sauke a ƙofar gidan wansa, ya ce a ƙirga, keso nawa ka ba ni, ga su nan cif. Malam Babba ya dube shi, ya sa aka kwashe aka zuba a ɗakin nan, bai kai ƙara wurin alƙali ba, bai kuma sake ɗaga maganar ba har ya rasu. Rabin abin da ke cikin ɗakin da suke yi wa dariya, kakansu ne ya kawo shi. Sauran kuma bashin masaƙa ne da ƙananan dillalai, mutanen da ba su da komai sai wurin, shi kuwa ba ya iya ce wa talaka koma da abinka.

Sun kuma manta da Kakalaba, yunwar 1914. Kaka ta ce a shekarar mai hatsi ko kallon wuri ba ya yi, sai sule ko kadara. Malam Babba ya sayar da dokinsa da rigunansa na aska ya ciyar da gida da maƙwabta, har da matan gidan Kudu da 'ya'yansu, don maigidansu yana ƙauye. Wannan ba a faɗa a wurin biki.

Ni dai a zamanin anini na tashi. An haife ni ana tsakiyar yaƙin Hitila, kuma kuɗin da na fara riƙewa shi ne na Laraba da ake ba mu mu kai wa malamin allo. Anini ɗan ƙarami ne fari, da huji a tsakiya, goma ke yin kwabo. A gefe ɗaya tauraro mai tsini shida, a ɗaya gefen kambin sarauta da sunan Sarkin Ingila a kewaye, ga rubutun Larabci a ƙarƙashin hujin. Babu hoton kan sarki a jikinsa, hujin ya cinye wurin. Ɗari, wato rabin kwabo, da kwabo su ma haka suke, sai dai sun fi girma. Kaka takan zura su a igiya ta ɗaure a ƙugu ƙarƙashin zane, in za ta ba ka sai ta juya baya ta kwance. Daga nan sai taro, sai sisi, sai sule mai bishiyar kwakwar manja, sai fataka mai sule biyu. Kwabo 12 sule, sule 20 fam. Fam kuwa sai dai mu ji a bakin manya. Na taɓa samun kwabo mai sunan Edward na Takwas, na 1936, sarkin da ya sauka bai cika shekara ba, wani malaminmu a midil ya karɓa ya nuna wa aji ya maido mini.

Masu hujin nan tun wajen 1907 aka fara kawo su, musamman don su maye gurbin wuri a ƙananan ciniki. Duk da haka, in ji Kaka, mata masu sayar da daddawa da gishiri da kuka sun daɗe suna karɓar wuri a tsakaninsu, don akwai abin da anini ma ya yi masa yawa.

Abin da Kaka ta koya daga ɗakin wuri shi ne kada ta yarda da kuɗin da ba ya da amfani in an daina karɓarsa. Sulallan farko masu bishiyar kwakwa da aka kawo a 1913 na azurfa ne. Su ta riƙa tarawa da kuɗin kaɗi, tana zubawa a wani ɗan tulu da ta binne a ƙarƙashin gadonta. Da aka zo 1920 azurfa ta yi tsada a duniya, sai aka sauya sulallan da na wani jan ƙarfe mai kama da tagulla, aka ce darajarsu ɗaya. Ba wanda ya yarda. Kowa ya ɓoye farin ya fitar da jan, maƙeran fari kuma suka yi ta narkar da shi suna yin mundaye da warwaro. Takarda kuwa, da ta fito a 1916, ita ce abin gudu. Manomi ya kawo gyaɗa a ba shi takarda, ya kai kasuwa a ce sai an rage masa wani abu kafin a canza, ya kai gida gara ta ci ko gobara ta lashe. Har ta rasu Kaka ba ta kwana da takardar kuɗi a ɗakinta ba. Kuma ba ita kaɗai ba, kowa a Kano ya san labarin Alhassan Ɗantata da ya kai ajiyarsa banki a kan raƙuma 20, tsaba ce ba takarda ba.

Sai da na fara aikin akawu ina karatun lissafin kuɗi da yamma na san waye "wanda ya buga" ɗin da Kaka ke nufi. Wata hukuma ce da aka kafa a 1912, mazauninta London, ita ke buga kuɗin Nijeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Ba a Legas take ba balle Kaduna. Kowane fam da ke yawo a hannunmu sai an ajiye madadinsa a can, ana juya shi a takardun bashin gwamnatin Ingila, a ɗan yago wa gwamnatocin nan wani abu daga ribar. Wato gyaɗarmu da audugarmu da fatunmu su tafi, ajiyar kuɗin ma ta zauna a can. Ranar da na fahimci haka raina ya ɓaci ƙwarai, har yau kuma in na tuna yana ɓaci. Alheri ɗaya da zan shaida, sulen da ke aljihunka a Kano shi ne a Kumasi, shi ya sa Kawu da ke fataucin goro bai taɓa neman ɗan canji ba sai bayan Ghana ta fitar da nata kuɗin a 1958. 'Yan'uwanmu na Damagaram kuwa tun farko Faransa ta raba mu da su, su suna lissafi da tamma da dala, mu da sule.

Ranar 1 ga Yuli 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ya fitar da namu. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na kawo wa Kaka sababbin na baje mata a tabarma: taro mai auduga, sisi mai koko, fataka mai gyaɗa. Idonta ya riga ya yi rauni, sai ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye ni kan waye a baya. Na ce Sarauniyar Ingila ce. Ta ture mini su ta ce, "To ai mai bugawa bai canza ba, ɗan nan." Na yi ta yi mata bayanin 'yancin kai da ke tafe, ta ce ita dai ta faɗa mini, ɗan riƙo ne ni.

Ba ta ga canjin Janairun 1968 ba, na lokacin yaƙin basasa, ba ta ga Naira a 1973 ba da aka ce fam ɗaya Naira biyu, sule kwabo goma. Ni na gansu duka, na ga na 1984, na kuma ga na 2023 da tsufana, ranar da jikata ta dawo daga layin banki hannu wofi, mai kayan miya a unguwarmu ta ƙi karɓar tsohuwar dubu tana kuka tana ba ni haƙuri. Yanzu masu bugawar namu ne, amma wanda abin ke faɗa wa bai sauya ba: tsohuwa, ɗan ƙauye, da mai amanar da ya ba da bashi. Waɗannan su ne Malam Babba. Duk wanda ya kira shi wawa, to ya kira su.

Tulun Kaka kuwa an tone shi bayan addu'ar bakwai. Baffa ne ya ƙirga a gaban kowa, aka kai wa maƙeri ya auna, kuɗin da aka samu ya fi abin da ke rubuce a jikin sulallan nesa ba kusa ba. Da shi aka yi wa Goggo ƙarama kayan ɗaki, ragowar aka gyara soron gida. Ɗakin wuri shi ma a wannan gyaran ya tafi, magina suka kwaɓa abin da ya saura a cikin ƙasa suka yi daɓen tsakar gida da shi.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu sai maganar elementare, da yadda Baffa ya ɓoye ni a rumbu ranar da dogarai suka zo ɗaukar yara.