Hancin wani dattijo a Bordo

Yau a gidan abincin da nake aiki a birnin Bordo na ƙasar Faransa, aka miƙa wa wani dattijo jar giyar inabi, an rufe sunan kwalbar. Ya karkata kofin ya dubi launin, ya jujjuya, ya shinshina sau uku, ya kurɓa ya tofar. Sai ya ce nau'in inabin da ake kira Merlot ne, daga gonakin yumɓu na yankin Saint-Émilion, ba gonakin tsakuwa na yankin Médoc ba. Aka buɗe, haka ne kuwa.

Ni ba na sha, amma jikina ya yi sanyi. Baba na tuna, Allah ya jiƙansa, yadda yake tauna ƙwayar gero a kasuwa ya faɗi garin da aka noma ta. Ban taɓa tambayarsa yadda yake ganewa ba.