Katin gigabit 10 a gurbi mai layi huɗu

Sabar da muke tara kwafin bayananmu a kanta Linux ce, da katin sadarwa X520 na Intel mai ƙofa biyu, kowace gigabit 10. Da rana lafiya lau take aiki. Da dare kuwa, da zarar sauran injuna sun fara turo nasu ta ƙofofin biyu lokaci guda, sai fakiti, wato gutsattsarin bayanan da ake aikowa, su riƙa zubewa, tsarin aika bayanai na TCP ya yi ta sake aikawa, aikin da ya kamata ya ƙare kafin asuba ya kai hantsi.

Abokan aiki suka ce a canza wayar da ke haɗe da katin. Ban goyi baya ba, domin waya idan ta lalace tana barin shaida. Na buga ethtool -S, umarnin da ke nuna alƙaluman katin, sai ga rx_crc_errors, mai ƙirga fakitin da suka iso a lalace, a sifili. Wanda ke ta hauhawa shi ne rx_missed_errors, ma'ana fakitin ya iso lafiya, ya shiga katin, amma 'yar ma'ajiyar katin ta cika kafin a kwashe shi zuwa RAM.

Na ɗaga jerin karɓa, wato wuraren da aka tanada wa fakiti a RAM, daga 512 zuwa 4096 da ethtool -G. Bai sauya komai ba. Randa aka ƙara wa girma, alhali tiyon da ke kawo ruwan ne siriri. Furosesa ma ba ta jigata ba, ginshiƙi na biyu na /proc/net/softnet_stat, inda Linux ke ƙirga fakitin da shi kansa ya zubar, kuma sifili ne.

A lspci -vv, umarnin da ke nuna haɗin kati da madabod, asiri ya tonu. LnkCap ya nuna katin na iya Width x8, wato layi takwas, LnkSta ya nuna x4 yake samu, layi huɗu. Gurbin dogo ne a ido, katin ya zauna daram, amma layi huɗu kaɗai aka haɗa masa a madabod. Wannan katin PCIe 2.0 ne (PCIe shi ne hanyar da ke haɗa kati da madabod): kowane layi 5 GT/s, wato gigabit 5 a daƙiƙa, tsarin 8b/10b mai aika bit 10 a madadin kowane bit 8 ya cinye kashi ɗaya cikin biyar, saura gigabit 4. Layi huɗu sun ba da 16 ke nan, kuma idan aka cire kawunan saƙonnin PCIe da zirga-zirgar da katin ke yi da direbansa, abin da ya rage bai kai 15 ba. Ƙofa biyu kuwa 20 suke nema. Shi ya sa gwajin ƙofa ɗaya da manhajar auna gudu ta iperf3 ke yaudarar mutum: za ta kawo 9.4 ɗinta cif, ka ce ai komai daidai. Sai an matsa wa biyun tare matsalar ke fitowa.

Abin da ya fi damuna, direban katin, ixgbe, ya rubuta gargaɗin ƙarancin hanyar PCIe a dmesg, kundin saƙonnin Linux, tun lokacin kunna injin, ba wanda ya leƙa.

Muka kashe sabar, muka mayar da katin gurbi mai layi takwas na gaske, LnkSta ya koma x8, rx_missed_errors ya tsaya cak. Yanzu duk katin da za a saka, littafin madabod nake fara buɗewa in ga layin kowane gurbi, kuma ba na miƙa sabar ga masu amfani sai na kwatanta LnkCap da LnkSta, na kuma gwada duk ƙofofin a lokaci ɗaya.