Mako na tara: 'yar tsugunno da harajin da ban lissafa ba

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Wannan makon aikin katako bai yi nisa ba, lissafi ne ya cinye mini lokaci. 'Yar tsugunnon da na fara tun watan jiya tana nan jingine da bango da ƙafa uku. Ramin ta huɗun na ɓata, don cizal ɗin da nake fama da shi, wato ƙarfen fafe katako, ya dakushe har ya koma murƙushe katakon maimakon yanka shi. Daga nan na ce dole in sayi kayan aiki na kirki.

Na ware dala 190. Na shiga wani kanti na intanet mai sayar da kayan kafintoci, na zaɓi ƙaramin zarto na dala 45, cizal guda huɗu a dala 60, dutsen washi na dala 40, da ƙarafan matse katako biyu a dala 30. Jimla 175, kuɗin kawowa 12, ya zama 187. Har na fara yaba wa kaina. Ina rubuta adireshina na Bronx da ke birnin New York sai ga wani layi ya ɓullo: haraji, dala 16.60. Kuɗi ya koma 203.60.

Ga wanda bai daɗe da zuwa Amurka ba, farashin da ke jikin kaya a nan ba shi ne abin da za ka biya ba. A gida idan kun yi ciniki da mai kanti kun daidaita, magana ta ƙare. A nan kuwa sai a wurin biya ake ɗora harajin saye, kuma ba gwamnatin tarayya ke sa shi ba, kusan kowace jiha da nata, birni ma ya ƙara nasa. Namu na birnin New York kashi 8.875 ne cikin ɗari: 4 na jiha, 4.5 na birni, ragowar 0.375 na harkar sufuri. Abin da ya fi ba ni haushi, har kuɗin kawowa sai da ya shiga lissafin, domin a wannan jihar idan kaya na da haraji, kuɗin dakonsa ma na da shi.

Dattijon da ke koya mini ran Asabar ya yi dariya da na ba shi labari. Ya ce a da yakan yi odar kaya daga wata jiha ba a karɓi ko kwabo ba. Gaskiyarsa. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1992 ya hana jiha tilasta wa kanti karɓar haraji in ba shi da shago ko sito a cikinta. Ran 21 ga Yuni, 2018 kotun ta soke wancan hukunci a shari'ar jihar South Dakota da kamfanin Wayfair, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Tun daga nan, babban kanti ko a ina yake, adireshin da za a kai kaya shi yake dubawa. Manyan kasuwannin intanet irin su eBay ma suna karɓa, ko da tsohon zarto ne ka saya a hannun wani.

Wani abokina ya ba ni shawarar in tura kayan zuwa gidan ɗan uwansa a jihar Delaware, tunda tana cikin jihohi biyar da ba su da wannan haraji a matakin jiha, tare da Oregon, Montana, New Hampshire da Alaska. Ban karɓa ba. Kuɗin mota zuwa can ya ninka dala 16 ɗin. Sannan a doka, kayan da ka sayo ba haraji ka shigo da su New York don amfani, kai ne za ka biya jihar da kanka, har gurbinsa akwai a takardar harajin ƙarshen shekara. Wanda zai aika kayan zuwa Najeriya ta hannun kamfanin dako, shi lissafinsa daban, sai dai ya tuna kwastan na jiransa a can.

Na cire ƙarafan matsi, na biya dala 170.93. Igiya da ɗan guntun itace da ake murɗawa sun matse mini katakon har gam ya kama, kamar yadda na sha gani wurin kafintocin unguwarmu ina yaro. Yanzu duk farashin da na gani, kashi goma nake ƙarawa a kaina kafin in fara murna.

Kayan sun iso ran Alhamis. Awa guda na yi ina wasa cizal mafi faɗi, kuma gefe ɗaya ya ɗan karkace, hannuna bai tsaya ba tukuna. Duk da haka ya shiga katakon kamar sabulu. Gobe in sha Allahu zan toshe tsohon ramin da guntun katako da gam, in sake fafe shi. Wanda ya san dabarar riƙe cizal a kan dutse ba tare da ya karkace ba, ya taimaka mini da ita kafin in taɓa sauran ukun.